Binciken yadda ake koyon harshe na biyu: fanni ne, kuma yana riƙe mutum?

"Assalamu alaikum Malam. Na gama digirina na farko a sashen Turanci, yanzu ina hidimar ƙasa a wata makarantar sakandare. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibaina sun shekara tara ko goma ana koya musu Turanci amma da yawansu ba sa iya jera jimla uku, alhali wani abokin hidimarmu da ya zo daga kudu ko wata shida bai cika ba ya fara ciniki da Hausa a kasuwa. Ina so in zama malamar jami'a mai bincike a kan yadda mutane ke koyon harshe na biyu. Shin fanni ne mai zaman kansa? Ta ina zan fara? Dole sai na fita waje? Kuma yana ciyar da mutum?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. In na fahimce ki daidai, kina son sanin ko abin nan da ya tsaya miki a rai ilimi ne da ake yi wa digiri har a kai farfesa, sannan ko mutum zai iya dogara da shi ya riƙe kansa. Ta farko e ce, babu tantama. Ta biyu ma e ce, amma da sharuɗɗa. Bari in fara da ɗaliban naki da abokin hidimar taku, domin yadda mai bincike zai tunkari wannan kwatanci shi zai nuna miki irin aikin da kike neman shiga.

Mu ƙaddara darasin Turanci minti 40 ne, sau biyar a mako, mako 36 a shekara. Awa 120 ke nan, in malami bai yi fashi ba, in kuma kwafar rubutu daga allo ba ta cinye rabin lokacin ba. A takarda dai, manufar ilimi ta 1977 ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa tun a firamare, bayan an fara da harshen gida, amma ke ma shaida ce: malamin lissafi ya karanto da Turanci, ya yi bayani da Hausa, yara su amsa baki ɗaya. A aji mai mutum tamanin, minti nawa yaro guda ya buɗe baki ya faɗi wani abu nasa na kansa da Turanci a duk zangon karatu? Shi kuwa baƙon naku, tun daga mai shayi da safe har mai adaidaita da yamma Hausa ce ke shiga kunnensa, kuma in bai yi magana ba za a tsuga masa kuɗi. Abin da yaranki ke samu a shekara, shi yana iya samunsa a wata guda.

Sannan ba abu ɗaya kike aunawa ba. Shi ciniki yake yi, ga tumatir a gabansa, ga yatsa, ga fuskar mai kaya. Su kuma insha'i ake nema a wurinsu. Jim Cummins ya bi bayanan yaran baƙi a Kanada wajen 1980, ya ga harshen hira yana samuwa cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu yana cin shekara biyar zuwa bakwai, kuma wannan a ƙasar da Turanci ya kewaye yaro ta ko'ina. Ki miƙa wa abokin naku takarda ki ce ya rubuta shafi guda da Hausa a kan tsadar taki, ki gani. Ki kuma kasa kunne ki ji ko yana cewa "yarinya ya zo". Akwai kuma aikin Carmen Muñoz a Barcelona, inda aka kwatanta yaran da suka fara Turanci a makaranta suna shekara 8 da waɗanda suka fara suna 11, bayan kowane rukuni ya sami awannin darasi daidai da na ɗaya. Manyan ne suka fi a mafi yawan gwaje-gwajen. Farawa da wuri yana da amfani ne idan yaro yana jin harshen da yawa. In darasi ne na 'yan mintoci, ƙuruciyar ba ta wani tasiri.

To kin ga bayani uku, kuma kowanne hasashe ne har sai an shiga ajinki da agogo da rikoda an auna. Aikin ke nan. Da yawa suna zuwa mana ne don suna son harsuna ko suna jin huɗu ko biyar, sai su tarar aikin yini na sauraren magana ɗaya sau ashirin ne da ƙirga kalmomi. Son harshe daban, binciken koyonsa daban. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa a kanki shi ne kin zo da tambaya.

Daga ina fannin ya taso

Fanni ne matashi, reshe na kimiyyar harshe ta aikace, mai jingina da ilimin halayyar ɗan'adam da na koyarwa. A 1957 Robert Lado ya kawo ra'ayin cewa in ka jera harshen uwa da harshen da ake koyo ka ga inda suka saɓa, za ka san inda mai koyo zai yi tuntuɓe. A furuci wannan yana aiki sosai. Bahaushe yana gauraya p da f a Turanci domin a Hausa ba su bambanta ma'ana. Farfesa Munzali Jibril, a kundin digirinsa na uku a Lancaster a 1982, ya fayyace yadda Turancin Bahaushe ya bambanta da na 'yan kudu: sautukan nan biyu da Bature ke yi da harshe tsakanin haƙora, mu mukan mayar da su s da z, su kuma t da d. Amma a nahawu ra'ayin ya yi ta faɗuwa. Kurakuran da aka yi hasashe ba su zo ba, waɗanda ba a zata ba suka zo.

A 1967 Pit Corder na Edinburgh ya ce a daina kallon kuskure a matsayin ƙazantar da za a share, a kalle shi a matsayin shaidar tsarin da mai koyo ya gina a kansa. Larry Selinker ya ɗora a 1972, ya ce harshen mai koyo tsari ne na uku, ba na uwa ba ne ba kuma wanda ake nufa ba ne, yana da dokokinsa. Daga nan yawanci ake ƙirga haihuwar fannin. Heidi Dulay da Marina Burt suka gano a 1974 cewa yara masu harshen Sifaniyanci da masu na Sin suna kama ƙananan ɗafe-ɗafen nahawun Turanci kusan a jeri ɗaya, duk da nisan harsunansu.

Sai muhawarar da har yau ake cikinta. Stephen Krashen ya ce mutum ya sami isasshen harshe da yake fahimta, ya ji ya karanta, sauran zai zo da kansa. Merrill Swain ta duba yaran Kanada da aka koyar da su dukkan darussa da Faransanci, tsarin da aka soma a St. Lambert kusa da Montreal a 1965. Bayan shekaru suna fahimta kamar 'yan gida, amma in suka buɗe baki nahawunsu da saura. Ta ce a 1985 ji kawai bai isa ba, sai an tilasta wa mutum ya yi magana ya gano inda ya gaza. Richard Schmidt kuma ya bi wani mai zane ɗan Japan a Honolulu shekara uku, mutum mai jama'a da iya hira, wanda sadarwarsa ta yi ta bunƙasa nahawunsa yana nan inda yake. Daga wannan, da kuma littafin da ya riƙa rubuta abin da ya lura da shi lokacin da shi kansa yake koyon harshen Fotugis a Brazil, ya kai ga cewa abin da ba ka ankara da shi ba, da wuya ka koye shi. Na tabbata kin san irin wannan mai zanen: ɗan kasuwan da ya shekara talatin a Sabon Gari, ya iya gaisuwa da ba'a da karin magana, amma namiji da mace duk "ya" ne a bakinsa.

Batun shekaru shi ya fi zafi. Johnson da Newport a 1989 sun gwada mutum 46 'yan Sin da Koriya a Amurka, suka ga wanda ya iso yana yaro ya fi. A 2018 Hartshorne da abokan aikinsa suka yi gwaji ta intanet da mutum kusan 670,000, suka ce ƙarfin koyon nahawu yana nan har wajen shekara 17 kafin ya sauka. Wasu suka sake lissafa bayanan suka ce wannan shekarun barin makaranta ne kawai, ba wani abu da ya rufe a ƙwaƙwalwa ba. Ga kuma wata Baturiyar Ingila da aka yi nazarinta a 1994, wadda ta koma Alƙahira tana shekara 21 ba tare da shiga aji ba, har Misirawa da dama da suka ji muryarta suka ɗauka tasu ce.

Giɓin da ke gabanki

Ga inda nake so ki tsaya ki yi tunani. Mafi yawan abin da fannin nan ya sani, ya san shi ne daga ɗaliban jami'a a Amurka da Turai da gabashin Asiya, masu karatu da rubutu, waɗanda suka tashi da harshe ɗaya, akasari suna koyon Turanci. Masanan kansu sun yarda da wannan rauni. Inda aka fita daga wannan da'ira, sakamakon yakan girgiza abin da aka ɗauka an gama. A shekarun 1980 an bi ma'aikata baƙi a ƙasashe biyar na Turai kimanin shekara biyu da rabi, Wolfgang Klein da Clive Perdue suka nuna cewa ko wane harshe suke koyo, sukan fara gina wani sauƙaƙƙen tsari iri ɗaya marar ɗafe-ɗafe, wasu kuma su tsaya a nan. Elaine Tarone da abokan aikinta sun yi aiki da 'yan Somaliya a Minnesota, suka nuna a 2009 cewa wanda bai ƙware a karatu ba, yadda yake jin gyaran da aka yi masa da baki ma daban ne. Wato ka'idojin da aka gina a kan 'yan jami'a ba lallai su hau kowa ba.

Yanzu dubi abin da ke ƙofar gidanki. Yaro a Yola ya tashi da Fulfulde a gida, Hausa a titi, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko. A Damagaram ko Maraɗi Faransanci ne a gurbin Turanci. Wanne ne harshensa na biyu? Ga almajiri da ya haddace Alƙur'ani tun kafin ya san ma'anar kalmominsa, daga baya ya zauna a zaure malam yana karanto Ahalari ko Ajurumiyya gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa. Wannan hanya ta fitar da mutanen da suka yi waƙoƙin Larabci ba su taɓa barin ƙasar Hausa ba. Shin hadda tana ƙarfafa riƙe sautukan sabon harshe? Shin mahaddaci ya fi saurin kama kalmomin Turanci? Tambayoyi ne da ake iya aunawa da kayan aiki masu araha. Ga kuma miliyoyin da Hausa ce harshensu na biyu, a Jos, a kudancin Kaduna, a zangon Kumasi. Me suke fara kamawa, me ke zuwa a ƙarshe? Jinsi ne, ko ɓ da ɗ da ƙ, ko karin sauti da tsawon wasali? Abin da aka rubuta a kan wannan bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da tulin da aka rubuta a kan ɗan Japan mai koyon Turanci.

Duk da wannan arziki, kundin da ya fi yawa a ɗakunan karatunmu iri ɗaya ne, kuma ina roƙonki kada ki ƙara wani. A tattara insha'in 'yan aji biyu na babbar sakandare, a bi da jan biro, a ƙirga kurakurai, a zuba a jadawali, a ce tasirin harshen uwa ne, a rufe da kira ga gwamnati ta samar da ƙwararrun malamai. Wannan kamar mutum ne ya leƙa gona rana ɗaya ya ce ya san yadda dawa ke girma. Koyo sauyi ne, ba a ganinsa sai an dawo wa mutum ɗaya a lokuta daban-daban. Kuma da wace hujja aka ɗora wa Hausa laifin, alhali ba a gwada yaron Tibi ko Bayarabe an ga ko shi ma yana yin kuskuren ba? Sannan ƙirga kuskure kaɗai yaudara ce. Jacquelyn Schachter ta nuna haka tun 1974: ɗalibai 'yan Sin da Japan sun fi Larabawa da Farisawa ƙarancin kuskure a wani nau'in jimla mai sarƙaƙiya, ba don sun fi iyawa ba, sai don suna kauce mata gaba ɗaya. Yaron da ya rubuta gajerun jimloli biyar babu kuskure ba lallai ya fi wanda ya yi ƙoƙarin doguwa ya faɗi ba.

Ga misalin yadda ake gyara tambaya. Hausa tana bambanta namiji da mace a wakilin suna, "ya" da "ta". Yarabanci da Ibo ba sa yi, haka Fulfulde da Kanuri. In tasirin harshen uwa gaskiya ne a nan, ya kamata yaron Bahaushe ya fi sauran saurin raba he da she. To yaron Kanuri da ya riga ya iya Hausa fa, Hausar tana taimaka masa ko kuwa harshen gida ne ke rinjaye? Makaranta ɗaya a Maiduguri ta isa a gwada wannan, kuma amsar za ta shiga muhawarar da ake yi a duniya a kan koyon harshe na uku. Irin wannan aikin ne editan mujalla a waje zai tsaya ya karanta, domin ba shi da inda zai samo shi sai wurinki.

Yadda aikin yake a zahiri

Na yi naɗar murya a shagunan kayan gyaran mota. Janareta na ruri a maƙwabta, ana tsakiyar labari mai saye ya shigo neman fulogi, a dawo an manta inda aka tsaya. Mafi wuya shi ne da zarar mutum ya ga rikoda sai ya gyara zama, ya koma Turanci, ko ya shiga wata Hausa ta taka-tsantsan da ba ita yake yi kullum ba. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in bar yaron shagonsa ko maƙwabcinsa ya ja hirar, ni in koma gefe, bayan ya san ana naɗa kuma ya yarda. Daga nan sai zaman rubutawa. Hirar awa guda tana iya cin yini cur ko fiye, domin kowace "eh" da kowane gyaran baki sai an sa, a nan ne ake ganin mai koyo yana kokawa da harshen.

Wata ɗalibata ta taɓa kawo hotunan ba da labari da ta sauko da su daga intanet, yara suna wasa da dusar ƙanƙara a gaban wani gida mai bututun hayaƙi. 'Yan aji suka yi tsit. Da an tsaya a nan da an rubuta cewa ba su da Turanci. Muka sa aka zana akuya ta kutsa rumfar mai tumatir, mai rumfa ya biyo ta da sanda, faifai ya kife. Yaran nan har rige-rigen magana suke yi, da Turancinsu mai gaɓa-gaɓa, amma ga jimloli ana iya nazari. Kayan gwajin da aka ƙera a wata ƙasa sai an jarraba su tukuna, in ba haka ba baƙuncin hoton za ki auna, ba harshen yaro ba.

In gwajin aji za ki yi, wato a jarraba yara, a koyar da rukuni biyu ta hanya biyu, a sake jarrabawa nan take da kuma bayan makonni, ki sani ranar kasuwa da aikin gona da hutun da ba a shirya ba za su kwashe miki yara. Ki ɗebi fiye da yadda kike buƙata. Izini kuma ba wasa ba ne: na shugaban makaranta, na iyaye, wani lokaci na maigida. A nan kina da abin da ni ba ni da shi. Islamiyyar matan aure da azuzuwan yaƙi da jahilci na mata cike suke da manya masu koyon Larabci da Turanci, kuma ke za ki shiga ki zauna a tabarma ɗaya da su.

Ki koyi ƙididdiga. Na san da yawa sun gudo sashen Turanci ne don tsoron lissafi, amma fannin nan ya koma hannun masu iya sarrafa alƙaluma, kuma kaso cikin ɗari kaɗai ba ya kai maƙala ko'ina. Manhajar ƙididdiga ta R kyauta ce, haka Praat ta nazarin sauti da aka ƙera a Amsterdam, da ELAN ta rubuta abin da aka naɗa. Rumbun IRIS yana ɗauke da kayan gwajin da masu bincike suka yi amfani da su, OASIS kuma yana taƙaita maƙalu a shafi guda da sauƙin harshe. Ki riƙa leƙa Studies in Second Language Acquisition da Language Learning da Applied Linguistics, ko da taƙaitawar farko kawai kike iya buɗewa. In maƙala ta kulle, ki rubuta wa marubucin; yawancinsu suna turowa da murna.

Gida ko waje

A jami'o'inmu da wuya ki ga digiri mai wannan suna ƙarara. Yana ɓoye ne a sassan Turanci, kimiyyar harshe, harsunan Nijeriya, ko koyar da harshe a tsangayar ilimi, a Zariya, Bayero, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori ko Ibadan. Saboda haka malami za ki zaɓa, ba sunan jami'a ba. Ki nemi abin da ya buga a shekaru biyar da suka wuce, ki ga ko ya taɓa tattara bayanai daga bakin masu koyo. Ki tambayi ɗalibansa a asirce wata nawa babi ke yi a teburinsa. Wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci, domin digirin shekara biyu yana komawa biyar a kan teburin mutum ɗaya.

Fita waje ba dole ba ce, amma ba zan ɓoye miki amfaninta ba. A Lancaster, Edinburgh, York, Hawai'i, Michigan State ko Georgetown za ki sami horon hanyoyin bincike mai tsanani, da ɗakin karatu da ba a kulle ba, da na'urorin bin motsin ido yayin karatu. A Amurka digiri na uku yakan ci shekara huɗu zuwa biyar, kuma yawanci jami'a ce ke ɗaukar nauyi a madadin koyarwa ko taimakon bincike. A Ingila ya fi gajarta amma sai da tallafi irin na Commonwealth. Jamus tana da hukumar tallafin karatu ta DAAD. Akwai kuma shirin Fulbright da ke kai matasan malamai Amurka su koyar da harshensu na shekarar karatu guda, Hausa tana cikin harsunan da aka saba nema; wanda ya koya wa Ba'amurke bambancin "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama ya ga koyon harshe na biyu ta ɗaya gefen. Ra'ayina shi ne ki yi digiri na biyu a gida da bayanai masu kyau, ki nemi na uku a waje in hali ya yi, amma ki dawo gida tattara bayanan. Wasiƙar da ta ce ina da muryoyin yara masu harshe uku da na bi shekara guda, ga tambayata, ta fi wadda ta ce ina sha'awar fanninku nesa ba kusa ba.

Batun abinci

Zai ciyar da ke, ba zai azurta ki ba. Tsanin a jami'ar gwamnati sananne ne: mataimakin malami mai digiri ɗaya, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Ba a kai wa babban lakcara sai da digiri na uku, kuma tsakanin mataki da mataki yawanci shekara uku ne aƙalla, da adadin maƙalun da aka buga. Wannan ƙirga ita ta haifi mujallun biya-a-buga, waɗanda ke karɓar komai cikin mako guda. Za su kai ki mataki na gaba a gida, amma a waje zubar da mutunci ne, kuma maƙalar kirki guda tana iya shekara tana kai da komo tsakaninki da masu tantancewa. Ki shirya wa wannan tun yanzu: za ki ga sa'o'inki sun wuce ki na ɗan lokaci.

Abin da ke kashe bincike a wurinmu ba rashin basira ba ne. Sabon malamin Turanci shi ake jibga wa darasin Turanci na 'yan shekarar farko, ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya, takardun jarrabawa buhu-buhu. Ga yajin aiki. Na 2022 ya kai wata takwas, aka kuma riƙe albashi. Tallafin TETFund na ƙaro karatu da na ƙananan bincike yana taimakawa ƙwarai, amma na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, wato sai kin sami aikin tukuna. Kada ki raina kwalejin ilimi a matsayin mashiga, can ne ma ake horar da malaman da yaranki suka biyo ta hannunsu. A waje ma kujerun dindindin sun yi ƙaranci, matasa da yawa suna yawo ne daga kwantiragin shekara biyu zuwa wani. Sai dai horon ba ya ɓata: hukumomin jarrabawa irin WAEC da NECO, masu tsara manhajar karatu, shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa irin wanda aka yi a Bauci da Sakkwato, da kamfanonin da ke koya wa kwamfuta harsunanmu, duk suna neman wanda ya iya auna harshe.

Iyakar abin da zan iya ba ki

Kada ki shiga da tsammanin za ki fito da hanya guda da za ta gyara Turancin Arewa. Bayan fiye da shekara hamsin, abin da fannin ya tabbatar shi ne ana buƙatar harshe mai yawa da ake fahimta, da damar yin magana, da jan hankali zuwa ga nahawu a daidai lokacin da ake amfani da shi. Nawa-nawa za a haɗa, ga wane yaro, a aji mai mutum ɗari, wannan har yanzu a buɗe yake, kuma matsalar aji marar littafi ba bincike ne zai warware ta ba. Ni kuma ina magana ne daga jami'ar gwamnati a Nijeriya, daga ɓangaren aji da maganar baka. Masu aikin ƙwaƙwalwa da na'ura duniyarsu daban, kuma a Nijar ƙarin girma yana bi ta hukumar CAMES ne da nata ƙa'idojin. Batun haɗa digiri na uku da aure da goyo kuwa, ki nemi mata biyu ko uku da suka bi hanyar ki zauna da su, za su gaya miki abin da ni daga gefe kawai na gani.

Watannin da suka rage miki na hidima kada su tafi a banza. Ki nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, ki zaɓi yara goma zuwa goma sha biyu, ki rubuta harsunan da kowanne yake ji da inda yake amfani da su. Duk wata ki ba su labarin hoto, kowa ya ba da shi da Turanci na minti uku, sannan da Hausa, ki naɗa da wayarki a ɗaki marar hayaniya. Ki sa wa kowane yaro lamba a maimakon suna, ki rubuta kwanan wata a jikin kowane fayil, ki ajiye kwafi a wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa.